Lissafin gudun ruwa a bututai da kwamfuta: amsa ga ɗalibin da manhajarsa ta ƙi daidaita

Wani ɗalibin injiniyanci da ke shekarar ƙarshe a Birnin Kebbi ya aiko da tambaya a kan aikinsa na kammala karatu. An ba shi aikin nazarin rabon ruwa a wata unguwa ta wani gari da ke yankin Jega, inda ake da rijiyar burtsatse guda, da injin da ke aiki da sola, da tanki a kan hasumiya mai tsayin mita 9, da bututai wajen arba'in. Ya rubuta manhajarsa da harshen Python bisa hanyar Hardy Cross, amma lissafin ya ƙi tsayawa a kan amsa ɗaya, kuma da ya shigar da bayanan cikin EPANET, wata sananniyar manhajar lissafin ruwan bututai, sai ta nuna masa matsin ruwa ƙasa da sifili a wasu mahaɗai, wato wuraren da bututai ke haɗuwa. Yana so ya sani ko ya ci gaba da tasa manhajar ko ya yi watsi da ita, kuma me ya sa matsin ya fito haka.

Ƙanena, matsalolin nan guda biyu ba danginsu ɗaya ba. Ta farko kuskuren rubutu ce da za ka iya gyarawa a zama ɗaya. Ta biyu kuwa ba kuskuren manhaja ba ce, EPANET ce ke sanar da kai cewa zaton da ka gina lissafin a kansa bai dace da yadda ake shan ruwa a unguwar ba. Shawarata ita ce ka ci gaba da taka manhajar har ta ba da amsar da ta yi daidai da lissafin hannu a kan ƙaramin misali, daga nan ka koma EPANET don ainihin aikin, ka kuma kashe mafi yawan lokacinka wajen tattara sahihan bayanai a unguwar.

Duk wata manhaja da ke wannan lissafi, komai tsadarta, ƙa'idoji biyu take bi. Ta farko, a kowace mahaɗa yawan ruwan da ya shigo dole ya yi daidai da wanda ya fita haɗe da wanda aka ɗiba a wurin. Ta biyu, idan ka bi wata da'irar bututai ka dawo inda ka taso, jimillar asarar matsi dole ta zama sifili, muddin ka lissafa asarar da ke bin hannun agogo da alamar ƙari, wadda ke saɓa masa kuma da alamar ragi. Duk wanda ya karanci lantarki zai gane cewa dokokin Kirchhoff ne aka kawo cikin ruwa, sai dai akwai bambanci guda da shi ne tushen dukkan wahalar. A waya, idan wutar da ke gudana ta ninka biyu, asarar ma biyu take ninkawa. A bututu kuwa, idan ruwa ya ninka biyu, asarar kusan huɗu take ninkawa.

Ƙa'idar Hazen-Williams, wadda na tabbata ita ka yi amfani da ita, tana cewa h = 10.67 × L × Q^1.852 ÷ (C^1.852 × D^4.87), inda h take asarar matsi a mita, L tsawon bututu a mita, Q yawan ruwa a mita kubik cikin daƙiƙa, D faɗin cikin bututu a mita, C kuma lambar santsin cikinsa. Ka dubi abin da ke kan D da kyau. A bututun roba mai tsawon mita 500 da C ɗinsa yake 140, idan ana tura lita 5 a daƙiƙa, asarar ba ta wuce mita 2.3 ba in faɗin cikinsa milimita 100 ne. Idan faɗin ya koma 75 asarar ta zama mita 9.3, wato ta cinye tsayin hasumiyarku baki ɗaya, idan kuma ya koma 50 sai ta haura mita 67. Injiniyan da ya riƙe waɗannan lambobi uku a kansa yana iya gane amsar banza tun kafin ya duba inda kuskuren yake.

Saboda wannan lanƙwasa da ke cikin ƙa'idar, ba a iya warware lissafin kai tsaye, sai dai a yi kintace a riƙa gyarawa. Hardy Cross, farfesan injiniyanci a Jami'ar Ilinoyi da ke Amurka, ya wallafa hanyarsa a 1936, lokacin da babu abin lissafi sai takarda da fensir da ma'aunin zamiya. Ana fara raba ruwa ga bututai yadda aka ga dama, da sharaɗin kowace mahaɗa ta daidaita, sannan a ɗauki da'ira ɗaya a lissafa giɓin da ya rage, a raba shi da jimillar 1.852 × h ÷ Q ta bututan da'irar, abin da ya fito shi ne gyaran da za a yi wa kowannensu. Abin ya yi kama da ciniki a kasuwar Jega, inda mai saye da mai sayarwa ke farawa nesa da juna, kowane taye yana rage tazarar har a kai ga sallamawa.

Ga misalin da nake so ka gwada manhajarka da shi kafin ka sake ɗora mata bututai arba'in. Ka ɗauki bututan nan biyu na sama, mai milimita 100 da mai 75, su tashi daga mahaɗa ɗaya su haɗu a wata, suna ɗauke da lita 10 a daƙiƙa a tsakaninsu. Ka fara da lita 5 ga kowanne. Giɓin farko shi ne 2.3 a cire 9.3, wato ragi 7, abin rabawa kuma 4.3, don haka gyaran lita 1.63 ne, babban bututu ya koma 6.63, ƙaramin 3.37. A zagaye na biyu gyaran ya sauko zuwa 0.17, a na uku kuma lissafin ya tsaya a kan 6.81 da 3.19, kowanne da asarar kimanin mita 4.1. Idan manhajarka ba ta ba ka waɗannan lambobi cikin zagaye uku ko huɗu ba, to kuskuren a rubutunka yake, ba a unguwar ba.

Wuraren da kuskuren ya fi ɓuya sanannu ne. Babbansu shi ne alamar ruwa. Idan gyara ya juyar da ruwa baya a wani bututu, Q ta zama lamba mai ragi, kuma idan ka ce wa Python ta ɗaga lamba mai ragi zuwa 1.852 ba za ta tsaya ta yi ƙorafi ba, za ta mayar maka da wata lamba mai harafin j a wutsiyarta, NumPy kuwa, wato kunshin lissafi na Python, ta rubuta maka "nan", alamar cewa amsar ba lamba ba ce, daga can kuma duk lissafin ya gurɓace. Maganin shi ne ka rubuta asarar a matsayin Q sau cikakkiyar ƙimar Q (wato Q ba tare da alamarta ba) da aka ɗaga zuwa 0.852, ta haka alamar take tsira. Sai bututun da da'ira biyu suka yi tarayya a kansa, wanda dole ya karɓi gyaran kowacce, ɗaya da ƙari ɗaya da ragi. Sai kuma ma'auni, domin ɗalibai da yawa suna shigar da faɗi a milimita ko ruwa a lita cikin ƙa'idar da ke neman mita. Haka nan idan kintacen farko bai daidaita a mahaɗai ba, hanyar Hardy Cross ba za ta taɓa gyara shi ba, tun da gyaran da'ira ba ya ƙara ruwa ko rage shi a mahaɗa. Ka kuma ƙidaya da'irorinka: idan tanki ɗaya ne, yawansu shi ne yawan bututai a cire yawan mahaɗai, har da tankin a ciki, a ƙara ɗaya. Bututai 40 da mahaɗai 33 suna ba da da'ira 8, kuma idan ka shigar da bakwai lissafin zai iya tsayawa lami lafiya a kan amsar da ba ta da tushe.

Ko da ka gyara duk wannan, hanyar Hardy Cross tana da rauni na asali. Tana gyara da'ira ɗaya ba tare da sanin abin da gyaran ya jawo wa maƙwabciyarta ba, shi ya sa take yin nawa, wani lokaci ma ta yi ta kai da kawowa, musamman inda babban bututu ya haɗu da ƙanana a da'ira guda. An ƙirƙire ta ne don mutum mai fensir, kwamfuta kuwa ba ta buƙatar wannan sassauci. Tun cikin shekarun 1960 aka fara amfani da hanyar Newton-Raphson wajen warware dukkan lissafin lokaci guda, sannan a 1987 Todini da Pilati suka fito da tsarin da ke neman gudun ruwa na kowane bututu da matsin kowace mahaɗa tare. Wannan tsari ba ya buƙatar a nemo da'irori, ba ya kuma buƙatar kintacen farko ya daidaita. A kowane zagaye ana gina babban jadawalin lambobi wanda mafi yawan gidajensa sifili ne, domin kowace mahaɗa da maƙwabtanta biyu ko uku kawai take da alaƙa, sai a warware shi, kuma yawanci zagaye kaɗan ya isa ko da bututan sun kai dubbai. Idan kana da sauran lokaci, sake rubuta manhajarka bisa wannan tsari da taimakon NumPy da 'yar'uwarta SciPy zai koya maka abin da karatun zango guda ba zai koya maka ba, kuma rubutun ba shi da tsawo. Abu guda da za ka kiyaye shi ne bututun da ruwansa ya kusa sifili, domin a nan ake faɗawa rabawa da sifili, sai ka sa masa wata ƙaramar iyaka da ba zai sauka ƙasa da ita ba.

Wannan tsari shi ne ke cikin EPANET, manhajar da Lewis Rossman ya rubuta a hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 1993, ta biyunta a 2000, kuma kyauta ake samunta. Bayanan da take karantawa rubutu ne zalla a fayil mai ƙarewa da inp, wanda za ka iya buɗewa ka gyara da hannu. Akwai kuma WNTR, kunshin Python da ke karanta wannan fayil, ya gudanar da lissafin, ya mayar maka da sakamako a jadawali. A nan ne iya rubuta manhaja yake biyan mai shi. Da layuka kaɗan za ka sa kwamfuta ta rufe bututai ɗaya bayan ɗaya ta nuna maka wanne ne idan ya fashe gidaje mafi yawa za su rasa ruwa, ko ta gwada faɗi iri-iri a babban layi ta fitar da mafi arha da ya cika sharaɗi, aikin da zai cinye maka makonni idan da linzamin kwamfuta kake yin sa.

Yanzu ga matsin da ya faɗi ƙasa da sifili, wanda shi ne ya fi cancantar ka zauna a kansa. A tsarinta na asali, EPANET tana ɗauka cewa duk ruwan da ka rubuta a matsayin buƙatar wata mahaɗa sai an ba da shi, ko da akwai matsi ko babu. Idan bututan ba za su iya kawo shi ba, ba za ta rage ruwan ba, sai ta rage matsin har ya wuce sifili don lissafi ya daidaita. Saboda haka matsin ƙasa da sifili da ka gani ba yana nufin akwai irin wannan matsi a ƙasa ba, yana nufin famfon wurin ba zai kawo abin da ka nema ba, ko ma ba zai kawo komai ba. Wannan zato ya dace da garuruwan da bututai ke cike da ruwa dare da rana, inda mutum yake buɗe famfo ya ɗibi abin da yake so ya rufe.

A yawancin unguwanninmu ba haka abin yake ba. Ana sakin ruwa na wasu awoyi ne, kuma da zarar an ji ya zo kowa zai buɗe famfonsa ya bar shi a buɗe, a cika randa da durom da tankin roba, 'yan garuwa su jera kurarsu da jarkoki a bakin famfon unguwa, babu wanda zai rufe sai ruwan ya ɗauke. Ɗauki misalin mutum 2,000 da kowannensu ke buƙatar lita 40 a yini, wato lita 80,000. Idan aka raba wannan ga awa 24 bai kai lita 1 a daƙiƙa ba, amma idan a cikin awa 4 za a ɗibe shi sai ya zama lita 5.6, ninki shida ke nan, asarar matsi kuma ta ninka kusan sau 28. Bututun da ya isa a takarda sai ya zama bai isa ba a ƙasa. Gidajen da ke kusa da tanki da waɗanda ke gangare su kwashe ruwan, na tudu da na ƙarshen layi su zauna jira. Daga nan sai masu hali su haƙa rami su sauke bakin famfonsu ƙasa da layin, wasu ma su ɗaura ƙaramin inji yana zuƙa kai tsaye, abin da ke ƙara durƙusar da matsin maƙwabta, ya kuma janyo ruwan kwata cikin bututu ta duk inda ya tsage ko haɗinsa ya saki.

Hanyar da za ka nuna wannan a lissafi ita ce ka bar matsi ya yanke yawan ruwan da ke fita. EPANET 2.2, wadda ta fito a 2020, tana da wannan zaɓi, WNTR ma haka. Za ka ba ta matsin da ƙasa da shi famfo ba ya kawo komai, da matsin da daga shi ake samun cikakkiyar buƙata, tsakaninsu kuma ruwan yana bin tushen murabba'in matsi. Ga famfon da ake bari a buɗe kuwa, ya fi dacewa ka ɗauke shi a matsayin kafa ce kawai da ruwa ke fita gwargwadon matsin da ke bayanta, kuma EPANET tana da gurbin wannan tun a tsohuwar fitowarta. Lambar da za ka sa a gurbin ba a littafi take ba, a bakin famfo ake samo ta: ka ɗaura geji mai auna matsi, ka tara bokiti mai lita 20, ka duba agogo. Idan ya cika a daƙiƙa 40, rabin lita ke nan a daƙiƙa a wannan matsi. Idan kana so ka ƙara kusantar gaskiya, sai ka wakilci ma'ajiyar kowane rukunin gidaje da ƙaramin tanki, wanda idan ya cika zai daina ja, ruwan ya wuce gaba. Ka kuma rubuta a rahotonka cewa EPANET tana ɗaukar bututai a cike suke koyaushe, don haka lokacin farko da ruwa ke korar iska yana cika layi ba ya cikin lissafinta. Masu bincike a kan wannan sashe sukan koma ga SWMM, manhajar da aka yi don magudanan ruwa, amma wannan ya wuce abin da ake nema a aikinka.

Bayanai biyu ne nake so ka sake aunawa da kanka. Na farko tudu da gangaren ƙasa. Duk matsin da kake da shi mita 9 ne da ɗan abin da ke cikin tanki, bai ma wuce kusan bar ɗaya a geji ba, tun da bar ɗaya, ma'aunin matsi da geji ke nunawa, kimanin mita 10 ne na ruwa. Tsayin da GPS na waya ke nunawa yana iya kaucewa da mita goma ko fiye, taswirorin intanet ma suna kaucewa da mitoci, wato kuskuren awo kaɗai ya isa ya haɗiye dukkan matsin. Ka ari na'urar awon ƙasa a sashenku ka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya daga gindin hasumiya, idan kuma ba ta samu ba, siririn tiyon nan mai nuna ruwa da magina ke daidaita gini da shi ya fi waya gaskiya nesa ba kusa ba. Na biyu faɗin bututu. Lambar da ake bugawa a jikin bututun roba faɗin waje ce. Baƙin bututu mai lamba 63 na ajin kauri SDR 11 kaurin jikinsa milimita 5.8 ne, cikinsa ke nan 51.4, kuma wanda ya shigar da 63 ya rage asarar da ke wannan layi fiye da sau biyu da rabi. Kada ka dogara da zanen da aka yi kafin a fara aiki. Ka nemi mai aikin famfon da ya shimfiɗa layin ko yake gyara shi, shi ne ya san inda aka canza inci uku da inci biyu, da inda aka binne bawul aka manta da shi.

Injin sola ma yana buƙatar kula. Ruwan da yake turawa yana hawa da sauka tare da rana, ya yi ƙarfi da tsakar rana, ya ragu da hantsi da la'asar, ya ƙara raguwa a kwanakin da ƙurar hunturu ta rufe sama. Matakin ruwan rijiya kuma yana sauka idan inji na aiki, yana ƙara sauka da bazara. Tun da rijiyar tanki take cikawa ba unguwa kai tsaye ba, mafi sauƙi shi ne ka auna ruwan da ke shiga tanki awa bayan awa, ka shigar da shi a matsayin ruwa mai shigowa da ke canzawa da lokaci, ka gudanar da lissafin na kwana biyu ko uku a jere ka ga ko tankin yana farfaɗowa ko kullum ƙasa yake yi. Game da zaɓi tsakanin Hazen-Williams da Darcy-Weisbach, wata ƙa'idar lissafin asarar matsi, kuwa, kada ya ɗauke maka hankali. Ta biyun ta fi inganci a ƙananan bututai, tana kuma lura da zafin ruwa, wanda a bazarar Kebbi ba abin rainawa ba ne, amma bambancin da zafi ke kawowa a bututun roba kimanin kashi 10 cikin 100 ne, bai kama ƙafar kuskuren faɗi ko na tudu ba.

Bayan ka gama, sai ka gwada lissafin da abin da ke ƙasa. Ka zaɓi wurare huɗu ko biyar, ɗaya kusa da tanki, ɗaya a tudu, sauran a ƙarshen layuka, ku auna matsi a lokaci guda kai da abokan karatunka yayin da ake sakin ruwa, wani kuma ya tsaya a hasumiya yana rubuta yadda ruwan tanki ke sauka duk bayan minti goma sha biyar. Saukar tankin ita ce za ta ba ka ainihin jimillar ruwan da ke fita, har da wanda ke yoyo a ƙasa. Idan lissafi da awo suka saɓa, an yarda ka gyara lambar C, amma cikin iyakar da hankali zai ɗauka, wato 140 zuwa 150 ga roba, 100 ko ƙasa da haka ga tsohon ƙarfe mai tsatsa. Idan sai ka sauke C na bututun roba zuwa 60 kafin lambobin su haɗu, to ba santsi ne matsalar ba, akwai bawul da ke rufe rabi, ko yashi ya toshe layin, ko an ja wani reshe da ba ya cikin zanenka, kuma wurin da saɓanin ya fara bayyana a tsakanin ma'aunanka shi ne inda za a fara haƙawa.